Filin Tambaya da Amsa: Gahawa Daga Dazukan Habasha Zuwa Teburin Mai Shayi a Agege

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, dukkansu daga Legas, kuma dukkansu a kan abin sha guda, wato gahawa, wadda da yawa daga cikinmu suke kira kofi. Zan riƙa cewa gahawa a nan domin kada sunan abin sha ya rikice da na mazubinsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Idi-Araba, ina saro kayan mata daga ƙasar Sin, kuma jirginmu yakan yada zango a Adis Ababa. A tafiyar da ta wuce mun kwana a can, aka kai mu wani gida inda uwargida ta kwashe fiye da awa guda tana haɗa mana gahawa, ga turaren wuta, ga gugguru. Na sayo ɗanyar ƙwaya kilo biyu da irin butarsu ta yumɓu, amma da na gwada a gida sai ta fito da ɗaci da ƙauri. Me ya sa mutanen nan suka ɗauki gahawa da girma haka, kuma ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya sa albarka a kasuwa. Girman da kika ga suna ba ta yana da tushe, domin itacen gahawar da ake kira Arabika ɗan ƙasarsu ne. Asalinsa daga dazukan tuddan kudu maso yammacin Habasha yake, yankin Kafa da kewayensa, inda har yau yake tsirowa da kansa a inuwar manyan itatuwa ba tare da wani ya dasa shi ba. Za ki ji ana ba da labarin wani makiyayi mai suna Kaldi wanda ya ga awakinsa suna ta tsalle bayan sun ci jajayen 'ya'yan wani itace, amma wannan almara ce mai daɗin ji, ba tarihi ba. Abin da ya tabbata a rubuce shi ne cewa a ƙarni na 15 Sufayen Yaman suna shan gahawa domin su kori barci a daren zikiri, daga nan ta shiga Makka da Alƙahira da Istanbul, kuma tashar jiragen ruwa ta Moka a Yaman ta daɗe tana zama ƙofar da take fita duniya. A shekarar 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya hana shanta, sai dai hanin bai yi ƙarko ba. Tun da a hannun Larabawa Turawa suka fara saninta, sai suka laƙaba mata sunan Larabawan, wato Arabika, alhali mahaifarta tana tsallaken Bahar Maliya.

A yau Habasha ce ta fi kowace ƙasa a Afirka noman gahawa, tana samar da sama da buhu miliyan 7 mai nauyin kilo 60 a shekara, kuma ana ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 15 ne abincinsu ya rataya a kanta. Tana cikin manyan kayan da suke kawo wa ƙasar kuɗin waje, ta hanyar tashar Jibuti, tun da Habasha ba ta da gaɓar teku tun daga 1993. Amma abin da ya fi burge ni a lamarinsu ba yawan buhunan ba ne. Kusan rabin abin da suke nomawa su suke shanye shi a gida, wanda ba kasafai ake ganin haka a ƙasashen da suke noma domin sayarwa waje ba. Manomin da yake shan amfanin gonarsa kowace safiya ya san bambancin ƙwayar da aka tsinka nunanniya da wadda aka zage ɗanya, ba sai wani Bature ya zo da takarda ya koya masa ba. Kuma galibinsu ƙananan manoma ne, wasu suna tsinka a daji, wasu suna da 'yan itatuwa a bayan gida haɗe da wani tsiro mai kama da ayaba da suke kira enset, wanda shi ne abincinsu a kudancin ƙasar. Sunayen da za ki gani a jikin leda, irin su Sidama da Yirgacefe da Jimma da Limu da Harar, sunayen yankuna ne, kowanne da ɗanɗanonsa. Harar ɗin nan tsohon birnin Musulmi ne mai ganuwa da ƙofofi, wanda duk Bakano ya gan shi zai tuna da gida.

Na taɓa zama a irin wannan zaman a gidan wasu 'yan Habasha a Ikeja, kuma abin da na lura da shi shi ne amsar tambayarki ta biyu. Uwargidan ta zauna a kan 'yar kujera a gaban kurfoti, ta wanke ɗanyar ƙwayar da ruwa tana murzawa da tafin hannu, sannan ta zuba a wani faffaɗan kaskon ƙarfe. Tun daga lokacin da ta ɗora shi a wuta hannunta bai huta ba, tana juyawa da wani siririn ƙarfe, ƙwayar tana sauyawa daga kore zuwa rawaya, daga rawaya zuwa ruwan ƙasa, har ta fara ƙara kamar gyaɗa a yashi. Da ta yi duhu ta fara sheƙi sai ta sauke, ta zagaya da kaskon gaban kowannenmu muna jan hayaƙin da hannu zuwa hanci, domin shaƙar ƙanshin yana cikin karramawar. Ta daka a ƙaramin turmi, ta zuba a butar yumɓun da suke kira jabana, wadda ruwanta ya riga ya yi zafi, ta bari ya taso, sannan ta sauke ta jingine butar a karkace na 'yan mintuna. Sai bayan garin ya kwanta ta ɗaga butar sama ta tsiyaya a ƙananan finjalai marasa mariƙi, siririn zare guda ba tare da yankewa ba. Zagaye uku ake sha, tana ƙara ruwa a kan garin farko: na ɗaya sunansa abol, na biyu tona, na uku baraka, kuma ana ganin rashin ladabi ne baƙo ya tashi kafin na ukun, wanda sunansa kaɗai ya isa ya gaya miki matsayinsa.

Ƙaurin da kika ji, Hajiya, daga suya yake. Ko dai wutar ta yi yawa har bayan ƙwayar ya ƙone cikinta bai nuna ba, ko kuma kin bar juyawa kin tafi wani aiki. Ki rage wuta, ki soya abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba a lokaci guda, ki ba shi minti 10 zuwa 15, kuma ki sauke tun yana ruwan ƙasa mai duhu kafin ya zama gawayi, ki baza shi a faranti ya huce. Ɗacin kuma yakan zo ne daga barin ta tana ta tafarfasa, ko daga tsiyayewa tun garin bai kwanta ba. Sabuwar butar yumɓu tana da warin ƙasa, saboda haka ki tafasa gari a cikinta sau biyu ko uku ki zubar kafin ki fara ba baƙi. Game da ajiya kuwa, damshin Legas abokin gabar gahawa ne: ɗanyar ƙwaya za ta yi watanni lafiya idan tana wuri busasshe, soyayya takan fara rasa ƙanshi cikin 'yan makonni, dakakkiya kuwa cikin kwanaki. Kada ki ajiye ta kusa da daddawa ko kwalbar humra, domin tana zuƙe warin duk abin da ta yi maƙwabtaka da shi. In kina so ki jefa 'yar citta ko kanumfari a turmin, ba ki saɓa wa kowa ba, haka mutanen Sudan suke yi, haka kuma ake sha a Maiduguri.

Tambaya: Malam, ni fataucin goro nake yi a Agege, kuma na gaji sana'ar daga mahaifina. Ina da fili a jihar Ogun da kuma gonar gado a Kano. Na ji a rediyo cewa farashin gahawa ya tashi a duniya. Shin zan iya noma ta a ɗaya daga cikin wuraren nan, kuma me ya sa ba a jin sunan Nijeriya a wannan harka?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abin da ka ji gaskiya ne, domin a watan Fabrairun 2025 farashin Arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 a kan kowane fam, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo, abin da ba a taɓa gani ba, kuma babban dalili shi ne fari da zafin da suka taɓa gonaki a Brazil da Biyetnam. Ƙasashen nan biyu su ne uwa da makarɓiya a wannan kasuwa, Brazil kaɗai tana samar da kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya. Sai dai ina so ka riƙe wani abu kafin ka ɗauki gatari: itacen gahawa yana ɗaukar shekara 3 zuwa 4 kafin ya fara 'ya'ya, saboda haka farashin da za ka sayar ba shi ne wanda ka ji a rediyo ba. Wannan kasuwa ta sha yaudarar manoma. A watan Yulin 1989 yarjejeniyar da take ƙayyade wa kowace ƙasa yawan abin da za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi warwas, a 2001 kuma ya sauka ƙasa da santi 50 a kan fam, har manoma a ƙasashe da dama suka sare itatuwansu. A yankin Harar da yawa sun koma noman ganyen cat, wani ganye da ake taunawa don wartsakewa, wanda ake tsinka sau da yawa a shekara a sayar nan take.

Gonar Kano ka bar ta da gero da dawa da gyaɗarta. Gahawa tana son ruwan sama da ya kai milimita 1,500 zuwa sama a shekara, ba ta jure dogon rani, kuma iskar hunturu kaɗai ta isa ta kakkaɓe mata ganye. Filin Ogun kuwa yana da magana, amma ba da irin gahawar Habasha ba. Iri biyu ne suka mamaye kasuwa. Arabika tana son tudu mai sanyi, daga mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, ita ce mai ƙanshi da tsada. Robusta kuma, wadda asalinta daga dazukan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma take, tana jure zafi da damshin ƙasa mai kwari, ta fi ɗaci, ta fi jure cuta, kuma kafeyin, wato sinadarin korar barci da ke cikinta, ya kusa ninka na Arabika. Duk ƙasar da goro da koko suke yi, Robusta za ta iya yi. A Nijeriya Arabika tana yi ne a tuddai irin na Mambila a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, wajen Gembu, da kuma tudun Jos, Robusta kuwa a jihohi irin su Kogi da Ondo da Ekiti da Kuros Riba.

Dalilin da ya sa ba a jin sunanmu ba rashin ƙasa ba ne. Man fetur ya ɗauke hankalin hukuma daga amfanin gona tun shekarun 1970, a 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a ƙarƙashin tsarin gyaran tattalin arziki na zamanin Janar Babangida, shekara uku bayan haka farashin duniya ya karye. Manomin da ba shi da tabbacin mai saye ba zai sake dasa sabon itace ba, shi ya sa gonaki suka tsufa, wasu suka koma masara. Ka kwatanta da Biyetnam, wadda a daidai wannan shekara ta 1986 ta sauya tsarin tattalin arzikinta, ta duƙufa a kan Robusta a tuddan tsakiyar ƙasar, cikin shekaru kamar 15 ta zama ta biyu a duniya. Habasha kuma ta tsare nata da ƙungiyoyin manoma, irin gamayyar manoman gahawa ta Oromiya da aka kafa a 1999, da kasuwar hada-hadar amfanin gona da aka buɗe a Adis Ababa a 2008, ta kuma yi jayayya da Starbucks, kamfanin sayar da gahawa na Amurka, a kan mallakar sunayen Sidamo da Harar da Yirgacefe har suka daidaita a 2007. A ganina akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: mu ba mu shan tamu. Ba mu da kasuwar cikin gida da za ta riƙe manomi idan ta waje ta juya masa baya.

Kai da ka san goro, akwai abin da ba sai na tsawaita maka ba. Ka san cewa darajar goro ba a bishiya take ƙarewa ba, tana wajen ɓarewa da wanki da zaɓe da shimfiɗa ganye a huhu da duba shi lokaci bayan lokaci don kada sankara ta shiga. To gahawa ta fi haka tsanani. 'Ya'yanta ba sa nuna lokaci guda, a reshe ɗaya za ka ga kore da rawaya da ja, kuma ja kaɗai ake so, saboda haka sai an koma wa itace ɗaya sau da yawa ana tsinka da hannu. Kowane ɗa yana da ƙwaya biyu a ciki, kuma sai an tara kilo 5 zuwa 6 na 'ya'yan kafin a samu kilo guda na busasshiyar ƙwaya. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a shanya su da ɓawonsu a kan gadajen raga da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa mako uku zuwa huɗu, ko kuma a ɓare su a inji, a jiƙa su kwana ɗaya ko biyu yauƙin ya sake, a wanke, sannan a shanya. Kowace aka bi, sai damshin ƙwayar ya sauko zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Wanda ya shanya a gefen kwalta kamar rogo, ko ya ɗura a buhu da sauran laima, ya yi asarar wahalar shekara guda a mako guda, domin mai saye zai soya, ya ɗanɗana, ya ji fumfuna. A Ogun wannan shanyar ita ce za ta fi ba ka wahala.

Idan har yanzu ranka yana so, ka fara zuwa Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, domin aikinta ya haɗa da koko da goro da gahawa da kashu da ganyen shayi, tana kuma da reshe a Mambila. Ka nemi dashe a wurinsu, kuma ka tabbata an haɗa maka iri fiye da ɗaya, saboda itacen Robusta ba ya yin barbara da kansa, sai da wani irin a kusa da shi. Ana barin tazarar kamar mita 3 tsakanin itace da itace, wato wajen 1,100 a hekta guda. Ka fara da ɗan yanki, ka sa ayaba a tsakani ta yi wa dashen inuwa ta kuma riƙa kawo maka kuɗin ciyawa. Tun kafin itacen ya yi fure ka san wanda zai saya, akwai ƙananan masu suyar gahawa a nan Legas da suke neman ta gida mai kyau. In kuma Turai kake hange, ka sani cewa a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da take neman shaidar cewa ba a sare daji aka yi gonar ba, don haka kada ka fara da sassabe sabon kurmi.

Tambaya: Malam, ni mai shayi ne a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Agege. Direbobi da masu gadi suna yawan cewa in ƙara musu Nescafé don kada su yi barci. Shin ita ma gahawa ce ta gaske, kuma tana da illa?

Amsa: Malam, sannu da aiki, Allah ya kawo kasuwa. Gahawa ce ta gaske, sai dai an riga an dafa ta a masana'anta, aka busar da ruwan ya koma gari, shi ya sa take narkewa ba ta barin tsaki a gindin kofi. An fara sayar da Nescafé a ƙasar Suwizalan a 1938, kuma galibin irin wannan garin da Robusta ake yin sa. Kamfanin yana da masana'anta a Abijan, inda ƙasar Kwaddibuwa take noma tata Robustar.

Na sha tsayawa a teburin irinku da asuba, na ga direban tirela ya miƙo kofi yana cewa a ƙara cokali, ga goro a kumatunsa, ga kwalbar lemon ƙarin kuzari a aljihu. Abin da bai sani ba shi ne duka ukun sinadari ɗaya suke ɗauke da shi. Masana lafiya sun ce baligi mai ƙoshin lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, wato kamar kofi huɗu na dafaffiyar gahawa, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar ta tsaya a 200. Wanda ya zarce zai iya jin bugun zuciya da rawar hannu da zafin ƙirji, mai hawan jini ko gyambon ciki kuwa ya tambayi likitansa tukuna. Kuma kafeyin ba ya biyan bashin barci, toshe saƙon gajiya kawai yake yi a ƙwaƙwalwa na 'yan awoyi, bayan awa biyar ma kusan rabinsa yana nan a jiki. Direban da zai kama hanyar Ibadan ya miƙe har Kano bayan kwana biyu bai runtsa ba, cokali na uku ba zai tsare shi ba. Ka zuba masa ɗaya, ka rage sukari da madarar gwangwani, in ya nemi ƙari ka nuna masa bencin da ke bayan rumfarka.